Saƙon Godiya Bayan Gwajin Yaronmu

Alhamdulillahi. An kammala gwajin da aka yi wa yaronmu ɗan shekara tara, sakamako ya fito: yana da matsalar karatu da ake kira disleksiya, amma basirarsa lafiya lau. A madadin ni da mahaifiyarsa nake miƙa wannan godiya.

Malamar ajinsu ce farkon wadda za mu gode wa. A lokacin da wasu ke kiransa daƙiƙi, har da masu ba mu shawarar a ƙara masa bulala, ita ce ta lura yana amsa tambaya da baki fiye da kowa a aji, sai an aza masa littafi ya daburce. Malama, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Muna gode wa likitocin ido da na kunne da suka fara duba shi, suka tabbatar ba daga can matsalar take ba.

Godiya ta musamman ga ƙwararriyar da ta yi gwajin. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ba shi gwajin Raven, wanda zane-zane ne zalla yaro ke cike gurbin da ya ɓace, babu karatu a ciki, ya kuwa yi zarra. Ta sa shi maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko, ya ambaci sunayen hotuna da sauri, ya cire "ka" daga "kaza" ya faɗi abin da ya rage. A nan ne ya yi ta tuntuɓe. Ta kuma ba shi labari ya maimaita da bakinsa, don ta bambance matsalarsa da matsalar harshe, wadda ke hana yaro fahimtar magana da tsara jimla ko babu rubutu. Abin da ya fi taɓa zuciyata, da Hausa ta yi masa yawancin tambayoyin. Da a ce da Turanci zalla aka auna shi, da an ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Hajiya kakarsa, mun gode da addu'a da rarrashi. Yayarsa mai zama da shi kullum bayan Magariba suna haɗa baƙi da wasali, Allah Ya yi miki albarka.

Litinin mai zuwa zai fara darasi na musamman. Muna roƙon ku ci gaba da saka shi a addu'a. Mun gode, Allah Ya bar zumunci.