Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Minti Uku Kafin Barci

Makon jiya mun tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin tiyata, ƙarƙashin wata dattijuwar sista mai sa marasa lafiya barci. Na zaci allura za ta fara koya mini, sai ta miƙo mini filo.

Ba ta taɓa sirinji sai ta gyara kwanciyar mutum. A ɗaga kan gado kamar digiri 25, a sa filo, haɓa ta ɗan yi gaba. In mai ƙiba ne, mu jera zannuwa ƙarƙashin kafaɗunsa har kunnensa ya daidaita da ɗan ramin nan na saman ƙirji. Mai ciki kuwa a karkata ta hagu, kada mahaifa ta danne manyan jijiyoyin jini.

Daga nan sai takunkumin oksijin. A nan ne Sista ba ta da wasa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kusan duk sauran naitirojin ne. Da maganin barci ya kama, numfashi kan tsaya, mutum ya dogara da abin da ya rage a huhunsa har a zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro. Wanda bai sha oksijin ba, minti ɗaya zuwa biyu oksijin ɗin jininsa ya fara ƙaranci. Wanda ya shaƙi zallarsa na minti uku, in lafiyayye ne, yana iya kai kusan minti takwas. Guzuri ne ake ɗaura masa kafin tafiya. In ana gaggawa, dogon numfashi takwas cikin minti ɗaya.

Sai dai takunkumin ya manne sosai, kuma mutanenmu akwai gemu. Sista kan ce, "Baba, yi haƙuri, zan ɗan danna," ta riƙe da hannu biyu. Ni dai har yau ina ganin riƙon nan ya fi zura bututu wuyar koyo, ko da yake ba wanda ke yabon mutum a kansa.

Wani dare aka shigo da mai naƙuda, za a yi mata aiki. Masu ciki su ne suka fi saurin ƙarewar guzurin nan, domin jariri ya tura huhu sama, ga jiki yana cin oksijin fiye da kullum. Likita ya riga ya wanke hannu, yana ta kallon agogo.

"Sista, mu fara mana."

"Likita, saura minti ɗaya," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Matar ta yi barci. Sista ta leƙa maƙogwaro, ba ta ga hanya ba, ya kumbura. Ta janye, ta ƙara zani ƙarƙashin kafaɗa, ta ce in miƙo ƙaramin bututu. Na'urar auna oksijin ɗin jini da ke yatsan matar tana nuna 98, sannan 96.

Mu haɗu mako mai zuwa.