Abin da filin cocin Duke Town ya koya mini

A karatun tarihi na saba fara bin diddigin majami'a daga sunan wanda ya kafa ta da shekarar da aka aza harsashi. Nazarin cocin Firesbiteriya na Duke Town, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan Kalaba, ne ya sa yanzu nake fara tambayar fili: wa ya bayar, kuma me ya sa ya zaɓi wannan wurin?

A watan Afrilun 1846 ɗan mishan Hope Waddell ya sauka Kalaba da 'yan tawagarsa, wani coci na Sikotilan ne ya turo su, amma daga Jamaika tunanin ya taso, inda bayin da aka 'yanta suka so bishara ta koma ƙasar kakanninsu. A cikin tawagar akwai Samuel Edgerley mai buga littattafai, da kafinta Andrew Chisholm, da malami Edward Miller. Sarki Eyamba na Biyar na Duke Town ya karɓe su, aka ba su wani tudu da ke kallon gari da kogi.

Tudun nan kurmi ne da ake jefar da gawarwakin bayi, waɗanda ba a ga sun cancanci kabari ba. Na daɗe ina juya wannan magana. Sarakunan Efik, wato mutanen Kalaba, 'yan kasuwar manja ne, tun 1842 suka rubuta wasiƙa suna neman wanda zai koya wa 'ya'yansu karatu da noman auduga da kofi. Makaranta suke so ƙwarai, sabon addini kuwa suna ɗari-ɗari da shi. Don haka baƙin suka samu masauki kusa da gari, amma a wurin da ba mai kishinsa. Ko Sarki Eyo na Biyu na Creek Town, garin da ke makwabtaka da Duke Town, wanda yake tara jama'a a gidansa ranar Lahadi har ya yi wa Waddell tafinta, bai karɓi baftisma ba har ya rasu.

Wurin ya kuma bayyana abin da cocin ya fara yaƙa. Mutanen da suka sare wannan kurmi sun ga darajar bawa a garin da idonsu, kuma a 1850 matsin lambarsu ya taimaka aka kafa dokar Ekpe, ƙungiyar asiri mai zartar da dokokin Efik, da ta hana kashe mutane a jana'izar manya.

Masu tuba ba su zo da wuri ba. Sai a 1853 aka yi wa Esien Esien Ukpabio baftisma a Creek Town, shekara bakwai bayan zuwansu, shi ne kuma ɗan ƙasa na farko da aka naɗa fasto a 1872. 'Yar mishan Mary Slessor, wadda sunanta ya fi yaɗuwa, a 1876 ta iso, ta tarar da tudun an share shi da shekara talatin, da Sabon Alkawari cikin harshen Efik wanda Hugh Goldie ya fassara tun 1862.