Wasiƙa daga Amurka: 'yan sa-kai da taswirar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ya iyali, ya haƙuri da yanayi? Mu ma nan jihar New Jersey sai godiyar Allah.

Labarin wani malami nake son kawo muku, Farfesa Sebastian Seung na jami'ar Princeton da ke nan jiharmu. Ilimin lissafi da fizik ya fara karanta, daga baya ya koma binciken ƙwaƙwalwa. Burinsa shi ne zana taswirar yadda ƙwayoyin jijiya suke haɗe da juna, wace ce ke aika wa wace saƙo. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86, don haka babu wanda ya isa ya fara daga can. Sai aka fara da tantanin bayan idon ɓera, inda haske ke sauka.

Wata cibiyar binciken kimiyya ta Max Planck da ke Jamus ce ta ɗauki hotunan ɗan guntun tantanin, yanki bayan yanki, da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki. Sauran aiki kuma bin kowace jijiya daga hoto zuwa hoto har a ga inda ta ƙare. Kwamfuta tana yin wani ɓangare, amma takan tsaya a hanya, ko ta haɗe jijiyoyi biyu ta ce guda ce. Idon mutum ya fi ta gane wannan. To ina za a samu idanu da yawa haka? A watan Disamba na 2012, lokacin yana jami'ar MIT, Seung da tawagarsa suka mayar da aikin wasa a intanet, suka sa masa suna EyeWire, suka ce kowa ya zo. Amy Sterling ce ta riƙe ragamar hulɗa da jama'a.

Ga yadda abin yake a allo. Gefe guda hoto ne toka-toka, cike da da'irori a matse da juna. An shafa wa ɗaya launi, ita ce taka. Kana matsawa hoto na gaba, ta ɗan goce hagu, ko ta rabu gida biyu, kai kuma ka bi ta da launi. A ɗaya gefen kana ganin siffarta tana tohowa da rassa. Haƙurin da ake buƙata irin na mai ɗinkin hula ne, allura bayan allura. Kuma ba a dogara da mutum ɗaya. Yankin da aka ba ka an ba wasu, inda kuka yi ittifaƙi shi ake ɗauka, a ba kowa maki.

Kada ku ce sharholiya ce. A 2014 mujallar Nature ta buga sakamakon aikin, kan yadda ido ke gane inda abu ya nufa. Akwai wata ƙwaya mai rassa ta ko'ina, wadda ke karɓar saƙo daga ƙwayoyi iri biyu. Mai jinkirin saƙo tana haɗuwa da ita kusa da tsakiya, mai sauri kuma can wajen ƙarshen reshe. Idan abu ya gifta daga tsakiya zuwa waje, saƙonnin biyu sai su iso tare, ƙwayar ta amsa da ƙarfi. Idan ya juyo ta baya, sai su saɓa. 'Yan wasa fiye da 2,000 suka taimaka wajen zanen, kuma an lissafa su cikin masu aikin. Wannan ne ya fi burge ni, domin an saba a ci guminka a manta da sunanka.

Daga nan suka koma kan ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Seung da Farfesa Mala Murthy suka jagoranci shirin FlyWire, kuma a watan Oktoba na 2024 aka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan: ƙwayoyi kusan 140,000, mahaɗai sama da miliyan 50. Ƙirƙirarriyar basira ta yi zanen farko, masana da 'yan sa-kai suka bi suna gyara. An ƙiyasta cewa da mutum ɗaya ne zai yi gyaran, sai ya shekara 33 a kai.

Amma fa taswira ba magani ba ce. Tun 1986 aka zana ta wata tsutsa mai ƙwayoyi 302 kacal, har yau ana kan fassara ta. Duk wanda ya ce muku maganin mantuwar tsufa ya kusa saboda ƙuda, ya yi gaggawa.

Mu ma muna da namu. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe mai binciken cutar mantuwa a jami'ar Sussex ta Ingila, ya daɗe yana kai ilimin ƙwaƙwalwa ga ɗalibai da malamai a gida, kuma shi ya assasa cibiyar bincike ta BioRTC a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu. Na san data da wutar lantarki ba wasa ba ne a wajenmu. Duk da haka taswirar ƙudan kyauta take a intanet, malamin bayoloji mai kwamfuta ɗaya zai iya buɗe ta, ya juya wa ɗalibansa jijiya guda su gani da idonsu.

A gaida mutanen gida. Wassalam.