Mutuwar fuju'a a Ingila da jinkirin da ke gabatar jana'iza

A al'adarmu, wanda ya rasu da asuba yakan kwanta a makwancinsa kafin azahar, shi ya sa babu abin da ke gigita iyalan Musulmi mazauna Ingila kamar ganin 'yan sanda a ƙofar gida alhali gawa ba ta ko huce ba. Da yawa sukan ɗauka zarginsu ake yi, amma ba haka abin yake ba. Idan mutum ya faɗi ya mutu a gida ba tare da wata jinya da likita zai iya dangana mutuwar da ita ba, ma'aikatan motar asibiti sukan tabbatar da rai ya yi halinsa, sannan 'yan sanda su zo a madadin alƙalin binciken mutuwa, wanda muƙaminsa ya samo asali tun shekarar 1194. Wata doka ta shekarar 2009 ta wajabta masa bincike idan mutuwar ta zo ta hanyar tashin hankali ko ta hanyar da ta saɓa wa ɗabi'a, ko ba a san musabbabinta ba, ko kuma mamacin yana tsare a hannun hukuma.

Aikin ɗan sandan da ya fara isa ya fi yadda ake zato nauyi. Zai duba jikin mamacin ko akwai rauni, ya lura da ƙofofi da tagogi ko an ɓalle su, ya rubuta sunayen magungunan da ke gefen gado, ya tambayi wanda ya gan shi da rai na ƙarshe da kuma wanda ya tarar da gawar, ya nemi ɗan'uwa ya shaida cewa wane ne. Idan wani abu bai kwanta masa ba, za a killace ɗakin, a kira jami'an binciken manyan laifuka. Idan kuwa babu abin tuhuma, masu ɗaukar gawa da ke aiki da ofishin alƙalin za su kai ta ɗakin ajiyar gawa, rahoton kuma ya tafi wurin jami'in ofishin, wanda shi ne iyali za su riƙa magana da shi daga wannan lokaci.

Ina daga cikin masu ganin wannan tsanani yana da hujja, duk da zafinsa. Tsakanin 2014 da 2015, Stephen Port ya kashe samari huɗu a unguwar Barking da ke gabashin Landan ta hanyar ɗura musu ƙwaya, har ya ajiye wasiƙar ƙarya a jikin ɗaya daga cikinsu domin a ce shi ya kashe kansa. 'Yan sanda sun karɓi abin da ido ya nuna musu, suka ce babu abin zargi, sai a Disamban 2021, a zaman binciken mutuwar samarin, masu taya alƙali yanke hukunci suka bayyana cewa sakacin binciken farko mai yiwuwa ya taimaka wajen mutuwar uku na baya. Kafin wannan an yi likita Harold Shipman, wanda aka ɗaure a shekarar 2000 bisa kisan marasa lafiya 15, bincike kuma daga baya ya nuna adadin ya haura 200, domin sau da yawa shi ke kashewa, shi ke rubuta takardar shaidar mutuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun daga 9 ga Satumban 2024, duk mutuwar da ba ta je gaban alƙali ba a Ingila da Wales sai wani likita na daban, wanda bai yi jinyar mamacin ba, ya sake duba musabbabinta kafin a yi mata rajista.

Sai dai iyali ba su rasa abin yi ba, kuma a nan ne jama'armu suka fi yin asara saboda kawaici. A 2018 babbar kotu ta soke tsarin wata alƙaliya a arewacin Landan da ta ce ba za ta gabatar da kowace gawa a kan wata saboda addini ba, bayan wata ƙungiyar jana'izar Yahudawa ta kai ƙara. Saboda haka wanda ya faɗa wa ɗan sanda tun a ɗakin cewa mamacin Musulmi ne kuma ana buƙatar gaggauta binne shi, haƙƙinsa ne a duba buƙatar tasa, ba alfarma ba. Haka nan iyali na iya roƙon a ɗauki hoton gawar da na'urar CT, mai nuna cikin jiki, maimakon a feɗe ta, ko da yake a wasu yankunan su ne za su biya, kuma idan hoton bai nuna musabbabin ba alƙali na da ikon ya ce a feɗe. Abin da ya fi saurin warware lamari shi ne sunan likitan mamacin da tarihin ciwonsa, domin idan likitan ya gamsu cewa, alal misali, ciwon zuciyar da aka daɗe ana jinya ne, sau da yawa ba a buƙatar taɓa gawar.

Zaman sauraron shaidu a gaban alƙalin binciken mutuwa, idan har an kai ga yin sa, ba shari'ar neman mai laifi ba ce. Tambayoyi huɗu yake amsawa: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya. Yana iya ɗaukar watanni, amma jana'iza ba ta jiransa, domin alƙali yakan ba da izinin binnewa da takardar shaida ta wucin gadi da zarar ya gama da gawar. Masu niyyar kai mamaci Kano ko Yamai kuwa dole ne su sanar da alƙalin yankin ko da mutuwar ta jinya ce, kuma ƙa'ida ita ce a jira kwana huɗu, sai fa idan shi da kansa ya amince a tafi kafin nan.