Inda na kai da kiwon ƴan mandaren ɗina a Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa masu koyon kiwon ƙananan tsuntsaye irina, ga inda aka kwana a wajena. Mandaren ɗin da nake kiwo, mace da namiji, dai sun zauna, sun daina bugun waya in na matso, namijin ma ya fara ɗan kukan nan nasa tun da asuba. Ga wanda bai san su ba, su ne waɗanda ƴan Najeriya ke ce ma zebra, asalinsu Ostireliya ne, ƙasar fari da zafi, shi ya sa ma nake cewa da su ya kamata sabon shiga ya fara a garin nan. Tsawonsu bai wuce santimita 10 ba, nauyi kamar giram 12. Namiji yana da kunci ruwan goro da jan baki, mace kuma toka-toka ce bakinta ruwan lemu, ba wuya a bambance su. Kuma don Allah kar ka sayi guda ɗaya, tsuntsun taro ne, shi kaɗai sai ya yi ta kira har ya rame.

Keji tukuna. Waɗannan dogayen masu kama da hasumiya da ake ratayawa kanari a bakin butiki, kyau ne kawai a ido, mandaren ba sama yake tashi ba, gefe da gefe yake yi, saboda haka faɗi ake nema. Nawa mai walda na unguwarmu ya haɗa min, santimita 80 a tsawo, 40 faɗi, 45 tsayi, kuma na nace masa ramin giriyajin kar ya wuce santimita 1, in ya fi haka ko dai tsuntsun ya sa kai ya maƙale ko ɓera ya shiga da dare. Sabuwar waya sai an goge ta da binegar an ɗauraye an shanya kafin a zuba su, mai tsatsa kuma kar a yi amfani da ita. Itacen sauka guda biyu na sa, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, reshen gwaiba ne da na wanke, tsakiya kuma na bar ta wayam don su samu filin tashi. A ƙasa akwai faranti mai jawowa, ina shimfiɗa takarda ina canzawa.

To yanzu abin da na fi so ku riƙe, maganar kwanon abinci. Tsuntsun nan ba haɗiye tsaba yake da ɓawonta ba, ɓarewa yake da baki ya ci cikin ya saki ƙaiƙayin a nan cikin kwanon, to kai in ka leƙa sai ka ga kwano cike har baki ka ce ai da saura, alhali ƙaiƙayi ne zalla a sama, shi kuma ba kaza ba ne da zai tona ƙasa ya nemo. Ɗan jikin nan nasa ba ya ajiye komai, kwana ɗaya ko biyu ba ci ya isa ya kashe shi, kuma da yawa daga cikin masu cewa "haka kawai na tashi na tarar ya mutu" wallahi in aka bincika yunwa ce a gaban kwano cike. Ni kullum da safe sai na fito da kwanon tsakar gida na juye a faifai na hure, abin da ya rage shi ne abincin gaske, sannan na ƙara sabo. Kwano mai faɗi marar zurfi ya fi, don ƙaiƙayin ba ya taruwa da kauri.

Me nake ba su? Haɗin tsabar nan na leda da ake kawowa daga waje yana da kyau amma ba kullum ake samu ba kuma da tsada, ni dai ina cakuɗa shi da geronmu, ina zaɓar mai ƙananan ƙwaya a kasuwar Dole, in shaƙa in ji ba warin maganin ƙwari ko na ruɓa, don geron da aka sa ma magani a rumbu guba ne gare su. In an samu acca daga Najeriya suna sonta sosai. Zangarniya kuwa in ka rataya musu guda ɗaya ka ba su aikin yini, suna ci suna lilo. Da damina ciyawar bayan gari ma abinci ce, gude-gude da harkiya in sun yi kai, a tsinko daga inda ba a yi feshi ba.

Amma tsaba kaɗai ba ta riƙe su. Sau biyu ko uku a sati ina dafa ƙwai ya dahu sosai, in murje kaɗan har da ɓawon, in sa a murfin kwalba, kuma da zafin nan namu bayan awa biyu nake ɗaukewa ko sun cinye ko ba su cinye ba. Ganye kuma salak ko zogale ko alayyafo, a wanke da kyau. Ɓawon ƙwai dafaffe dakakke ya zauna a kejin kullum, musamman saboda macen, in sinadarin kalsiyam ya yi mata ƙaranci ƙwai na iya maƙale mata kuma abin yana kisa. Banda albasa, banda aboka, banda duk abin da ke da gishiri ko mai, yara su kan so su tura musu guntun biskit ko shinkafa da miya, sai an yi ta hanawa.

Ruwa kam kun san halin garinmu, wani lokaci robine ya yi kwanaki shiru, to ko yaya ake ciki ina ware musu na randa, in canza safe da la'asar. Ga wani ɗan faranti daban na wanka, ruwan kar ya wuce santimita 2, in sun gama fantsama in cire.

Wurin ajiye kejin shi ne ya fi cin tunanina. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ƙarƙashin rufin tol kuwa ya fi haka, in ka ga tsuntsu ya buɗe baki yana haki ya saki fukafukai to ya jigata. Nawa suna zaure ta inda iska ke ratsawa kuma rana ba ta dukansu sai ta safe, in ta ƙwalle sai in jiƙa buhu in rataya a gefe guda. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Janairu, iskar dare da ƙura ce matsalar, zan rufe ɓangare uku da tsohon zane in bar gaba. Hayaƙi ma a kiyaye, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, turaren wuta, har hayaƙin murhu, numfashinsu ba ya ɗauka, hajiyarmu dai mun yi da ita in za a turara ɗaki a bari sai na matsar da su. Kejin yana kan tebur, ƙafafun tebur ɗin cikin gwangwanaye da ruwa saboda tururuwa, mussar maƙwabta kuma ita da ni sai kallon kallo.

Ban sa musu sheƙa ba tukun, da gangan. Mandaren in ya ga kwando da busasshiyar ciyawa ba ya jira, mace ta yi ƙwai 4 zuwa 6, kwanci kamar sati biyu, ƴaƴan su fito daga sheƙa wajen sati uku, kafin ka farga keji ya cika macen kuma ta rame. Sai zafi ya sauka zan gwada, kuma ciyawa zan ba su, ba zare ko auduga ba don yana naɗe musu ƙafa. Wani abokina ya ce zai ba ni mace ta biyu, in ta zo keji daban za ta yi wata guda ina duba kashinta da yadda take zama kafin ta haɗu da su, don haka gobe in sha Allah zan koma wajen mai walda mu yi maganar ƙaramin keji.