Zaman sirdi kafin riƙon linzami

Duk wanda ya saba tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano, ko a Ƙofar Soro a Katsina, ya san lokacin da ake gane mahayi na gaskiya, wato sa'ad da aka sako dawakai a guje domin jafi, aka zo gaban sarki aka yi zamiya. Wani za ka ga ya nutse cikin sirdi dokin ya tsaya cak kamar ya san abin da ke zuciyarsa, wani kuwa sai ya faɗa kan kwacciya, wato tudun gaban sirdi, ya fizgi linzami da dukkan ƙarfinsa, dokin ya wangale baki ya ɗaga kai sama saboda zafi. Rawani da alkyabba iri ɗaya ne a jikinsu, zaman ne ya bambanta.

Ra'ayina shi ne, sirdinmu na gargajiya yana rufa wa mahayi asiri fiye da kima. Gabansa da bayansa suna da tudu, likkafarsa tana da faɗin da za ta ɗauki tafin ƙafa gaba ɗaya, don haka mutum yana iya shekaru yana hawa bai faɗi ba alhali bai iya zama ba. An ƙera shi ne domin barde mai ɗauke da mashi ko lifidi kada a tunkuɗe shi, kuma ya cika wannan aiki. Amma idan aka haɗa shi da linzaminmu mai kaifi, sai mahayin da ba shi da daidaito ya mayar da linzami abin dafawa, duk lokacin da jikinsa ya karkata bakin doki ne yake biya. Jinin da ake gani gauraye da kumfa a bakin wasu dawakai bayan hawa, mafi yawansa daga nan yake.

Zama mai kyau yana farawa ne daga ƙasusuwa biyun da ke ƙarƙashin mazaunai. A kansu ake zama, nauyi ya rabu daidai tsakanin dama da hagu, a mafi zurfin wuri na sirdi. Idan aka kalli mahayi daga gefe, ya kamata kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa da diddigensa su kasance a layi ɗaya, ta yadda da za a janye dokin daga ƙarƙashinsa zai sauka a kan ƙafafunsa, ba a kan bayansa ba. Yawancin matasanmu suna miƙa ƙafa gaba su jingina da bayan sirdi, abin da ke tara nauyi a kwankwason doki, bayan haƙarƙarinsa na ƙarshe, inda ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya. Masu tsoro kuma suna duƙufa gaba, alhali dama ƙafafun gaba na doki suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa, ƙarin da aka yi musu shi ke kawo tuntuɓe.

Miƙewa ba ita ce sandarewa ba, kuma a nan ne nake ganin aka fi samun ruɗani. Macen da ta ɗauko tulu a ka daga rijiya bayanta a miƙe yake, amma ƙugunta yana motsi da kowane taku, shi ya sa ruwan ba ya zuba. Haka ake so ƙugun mahayi ya bi motsin bayan doki, kafaɗu su sauka, numfashi ya riƙa fita ba a riƙe shi ba. Matse doki da gwiwa yana tura mutum sama ne ya raba shi da sirdi, sai ƙwauri ya riƙa lilo, kaimi yana sukar doki ba da niyya ba. Abin da ake buƙata shi ne cinya ta kwanta, nauyi ya gangara ta gwiwa zuwa diddige. Ido kuma ya dubi inda za a je, domin kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, idan ya sunkuya yana kallon wuyan doki duk jikin zai bi shi.

Sassarfa ce ta fi tona asiri, saboda doki yana taka ƙafafu bibbiyu a gicciye, bayansa yana cilla mahayi sama a kowane taku. Wanda ya iya zaunar da kansa a sassarfa ba tare da ya dafa linzami ba, sukuwa ba za ta ba shi wahala ba.

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce. A tsohuwar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, ɗalibi yana shafe watanni masu yawa a kan doki ba likkafa ba linzami a hannunsa, malami ne yake riƙe da doguwar igiya dokin yana zagaye shi. Ana iya yin haka a kowane fili mai yashi da doki mai sanyin hali da ragama: mahayi ya cire ƙafa daga likkafa, ya buɗe hannuwa, ya juya dama da hagu, ya taɓa yatsun ƙafarsa, a fara da tafiya kafin a shiga sassarfa. Bayan haka ya mayar da likkafa ya miƙe tsaye a kanta yana tafiya ba tare da ya riƙe komai ba. Idan ya koma da baya ƙafarsa ta yi gaba da yawa, idan ya faɗa gaba ta yi baya. 'Yan wasan folo, wanda Katsina ta shahara da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, sun dogara ne da wannan tsayuwa, domin ba a dukan ƙwallo daga kan doki mai gudu sai an ɗaga jiki daga sirdi.

Kafin a zargi mahayi kuma a duba kaya. Igiyar likkafa ɗaya takan fi ɗaya tsawo, musamman ta hagu da ake hawa da ita kullum har ta miƙe, majayi, wato maɗaurin sirdi da ke zagaye cikin doki, yakan yi sako-sako sirdi ya zame gefe, zubka, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, takan lotsa a ɓangare guda. Ranar ƙilisa ce ranar duba waɗannan, a sa wani ya tsaya daga baya ya faɗi ko kafaɗun mahayi suna daidai, domin da zarar an ɗora jalala, wato mayafin ado na sirdi, an sa manyan riguna ranar salla babu mai iya ganin karkatar.