Kadangaren bakin tulu a Fulorida

A ƙarshen Janairun 2022 na sauka Mayami, a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, bayan doguwar tafiya daga Abuja ta Istambul. Yayana ya ɗauke ni zuwa Davie, wani gari a arewa da Mayami inda yake zaune da iyalinsa. Gajiya ba ta bar ni na ga komai a daren ba.

Da hantsi na fito lambun gidan riƙe da kofin shayi. Gidan yana bakin wata faffaɗar magudanar ruwa, irin waɗanda aka tsattsaga a kudancin jihar don janye ruwan fadama. Sai ga wata halitta kwance a kan dakalin simintin da ya tokare gaɓar. Ta kusa kai tsayin yaro ɗan firamare, fiye da rabi duk jela ce mai baƙaƙen zobba. Ƙayoyi jere a gadon bayanta kamar haƙoran zarto, leɓe na reto a wuya irin na bijimi, ga wani ɓawo zagayayye a kumatu kamar kwabo. Ta dube ni da ido ɗaya, ta gyaɗa kai, ko gezau.

Na ce, "Yaya! Damo kake kiwo?"

Ya ce, "Wane damo? Damo ai sarkin haƙuri ne. Wannan iguwana ce, mu muke haƙuri da ita."

Ya zaga da ni na ga ta'asa. Furanni an yi musu aski tas, matarsa kuwa ta daina wahalar shuka alayyahu tun bara. Ga kashi a kan dakali, wanda ake hana yara kusanta saboda ƙwayar cutar salmonela. Amma abin da ke hana shi barci shi ne wani rami a gindin dakalin, da hannu zai shige har kafaɗa. A irinsa macen ke zuba ƙwai, wani lokaci har 70. Ruwa ya bi ramin, ƙasa ta zaizaye, siminti ya tsage, mai gida ya biya. A 2020 birnin West Palm Beach ya fuskanci gyaran dala miliyan 1.8 a wata madatsar ruwa da ramukan iguwana suka taimaka wajen lalata ta.

Asalin iguwana daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne. A shekarun 1960 aka fara ganinta sake a kewayen Mayami, kuma cinikin dabbobin ado ya yaɗa ta. Mutum ya sayi 'yar koriya shar mai ban sha'awa, bayan 'yan shekaru ta kai ƙafa 5 tana zabga jela kamar bulala, sai ya buɗe mata ƙofa. Hukumar kula da namun dajin jihar ta ce a 2019 masu gidaje su kashe ta a filayensu, a 2021 kuma ta haramta sayenta don kiwo. Sai dai dole kisan ya zama babu azabtarwa, ba a sa guba, ba a kuma kama ta a kai wani wuri a saki. Harbi a unguwar da gidaje ke manne da juna, wa zai soma? Yaya ya taɓa biyan masu tarko suka kwashe masa, kafin wata ya zagayo wasu sun iyo ta ruwa sun maye gurbi. Na ce masa wannan ai kadangaren bakin tulu ne, a bar ka ka ɓata ruwa, a kashe ka a fasa tulu.

Ranar Lahadi, 30 ga wata, aka tashi da sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 5. Ni da na ɗauka na baro hunturu a gida. Yaran suka buga mini ƙofa: "Baffa, fito ka gani, sun zubo!" Uku ne a gindin bishiya, ɗaya a rigingine, ƙafafu a sama, launinsu ya koma toka-toka. Na taɓa guda da bakin takalmi, a sandare take kamar itace. Yaya ya ce kar na ruɗu, suma ce. Sanyi ke ƙame musu jiki su kasa riƙe reshe. Wani maƙwabci ɗan tsibiran Karibiyan ya zo da buhu yana fara'a. A wajensu nama ne, kazar bishiya suke ce mata. Ya yi mini tayin miyar, na ce na gode, na ƙoshi. Wadda ya bari, kafin azahar rana ta gasa ta, ta ja jiki ta faɗa ruwa.

Bayan kwana huɗu zafi ya dawo, muka je kanti sayen tsaraba. A wurin ajiye motoci na tsaya cak. A kan wata 'yar katanga, kai ja, jiki baƙi mai sheƙin shuɗi, yana gyaɗa kai irin na masu isa: kiski ne, namu na gida, wanda muka sha bi da danƙo muna yara. Tun 1976 aka fara ganinsa a Fulorida, shi ma 'yan cinikin dabbobi suka kawo shi. Yaya ya ce har guza akwai a Cape Coral, can gaɓar yamma, tun wajen 1990, yana shiga ramukan wasu ƙananan mujiyoyi da ke sheƙa a ƙasa yana shanye musu ƙwai.

Na ɗauki hoton kiskin na tura gida ta WhatsApp. Ba a jima ba sai ga saƙon murya daga Hajiya: "Kai yanzu duk kuɗin jirgin nan, kadangare ka je gani? Ga su nan fal a katangar makewayi."